Naman kaza a kututturen mangwaro

Maman Fati, Aboabo: Salamu alaikum. An sare mangwaron gidanmu jiya, kututture huɗu na nan jibge. Zan iya shuka naman kaza a jikinsu? Yara na son shi, ga tsada.

Baba Sani: Ƙwarai, 'yata, tunda ɗanye ne. Ki huda ramuka, ki cusa irin naman kazan, ki toshe da kakin zuma. Ki ɗora kan bulo a inuwa, don gara ta cinye min biyu bara. Da hunturu, yayyafi safe da yamma. Watanni yake ɗauka fa.

Rabi: Yaya, ni garin katakon itacen da ake kira wawa nake ɗebowa a kasuwar katako ta Sokoban a Kumasi, in ɗura a leda, in shuka a ciki. Ya fi sauri.

Maman Fati: Irin fa, Baba?

Baba Sani: A cibiyar binciken abinci ta CSIR, hukumar binciken kimiyya ta Ghana, a Accra na sayo.