Muhawara: Kunun Yaro a Hannun Wa Yake, Uwa Ko Shugaban Ƙasa?

Malamin firamare, Argungu:
Assalamu alaikum. Duk majalisar da ka zauna yanzu hirar zaɓen shugaban ƙasa na 2027 ake yi, wane ne ya ɓata, wane ne zai gyara. Ga matsayina, wanda ya fi ni sani ya yi mini gyara. Abin da yaro ɗan ƙasa da shekara biyar yake ci a Kebbi, da lafiyar da yake samu, ba a Abuja ake yanke shi ba. Asibitin sha-ka-tafi na jiha da ƙaramar hukuma ne, firamare ma haka, tukunya kuwa ta uwa da uba ce. Magidanci zai raba dare yana musu a kan shugaban ƙasa, amma ka tambaye shi ranar da za a mayar da jaririnsa rigakafi, sai ya ce a tambayi uwar ɗakin. Ko wa ya hau kujerar, wannan yaron ba zai ga canji ba.

Ɗan kasuwar hatsi, Jega:
Wa alaikumus salam. Malam, rabin maganarka gaskiya ce, amma tukunyar da kake cewa ta uwa ce, wa ke sa kuɗin abin da ake zubawa a ciki? Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A watan Yunin 2023 kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Bi sawun tiyar gero ɗaya ka gani. Takin zamani ya tashi, maganin feshi ya tashi, motar da ta ɗauko buhu daga ƙauye zuwa Jega ta ƙara kuɗi, mai injin niƙa ya ƙara nasa. Shinkafar rani ta fadamun Argungu, Augie da Suru wata uku zuwa huɗu take yi tana shan ruwan injin, injin kuma fetur yake sha. Babu gwamna ko ciyaman da ya sa hannu a ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ma'aikaciyar lafiya, Birnin Kebbi:
Alhaji, ban musa tsada ba, amma ina bayan Malam a wuri ɗaya. Yara da yawa da ake kawowa da tamowa ba daga gidan da babu hatsi suke fitowa ba. Gero yana nan, sai dai yadda ake ba yaron ne matsalar. Daga wata shida, lokacin da nono kaɗai ya daina isarsa, sai a dama koko tsararo kamar ruwa a ɗura masa. Cikinsa ƙarami ne, ya cika da ruwa, jiki bai samu komai ba.

Ga haɗin da ake koya wa iyaye mata: awo shida na hatsi (gero, dawa ko masara, ko a gauraya su), awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa. Da gwangwanin madara ma za a iya aunawa. A tsince gyaɗar da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yi baƙi a zubar, domin tana ɗauke da gubar da ke taɓa hanta, suya kuma ba ta kashe ta. Waken suya a jiƙa shi, a murje ɓawon, a shanya ya bushe sarai, sannan a soya a busasshen kasko har ya yi ja ya daina ƙarnin ɗanye. Nan ne aka fi yin kuskure. Idan bai soyu ba yaro zai yi kumburin ciki da zawo, uwa ta ce abin bai karɓe shi ba ta daina. A soya hatsin sama-sama, a haɗa a niƙa, a tankaɗe, a zuba a roba mai murfi. Kada a niƙa abin da ya wuce na mako biyu zuwa uku, saboda man gyaɗar yana sa gari ya canja wari.

Kunun ya yi kaurin da zai zauna a cokali. A zuba ƙaramin cokali na manja ko man gyaɗa, da ɗan garin zogale ko dakakken busasshen kifi. Ɗan wata shida zuwa takwas, sau biyu zuwa uku a rana, a fara da cokali biyu ko uku a riƙa ƙarawa har rabin kofi. Wata tara zuwa sha ɗaya, sau uku zuwa huɗu. Daga shekara ɗaya ya kai kusan kofi cikakke, da ɗan abin taɓawa a tsakani, nono kuma ya ci gaba har shekara biyu. Sannan a ba shi a kwanonsa shi kaɗai. Idan aka haɗa shi da yayyensa a akushi ɗaya, kafin ya kai loma biyu sun sharɓe. Wanne daga cikin waɗannan ne yake jiran shugaban ƙasa?

Ungozoma, Yauri:
Ƙanwata, haɗin nan daidai ne, har ma zan ƙara miki. Idan kunu ya yi wa ƙaramin yaro kauri, kada a tsinka shi da ruwa. A barbaɗa ɗan garin tsiron gero ko na dawa yana da ɗumi, zai saki da kansa ba tare da ya rasa ƙarfinsa ba, sai a sake ɗora shi ya tafasa. Amma ki lissafa abin da kika lissafa. Waken suya saye ake yi, gyaɗa saye, gawayin suya saye, niƙa kuɗi. Matar da mijinta ya bar mata cefanen da bai isa tuwon dare ba, awo uku na waken suya shi ne farkon abin da za ta yanke.

Ga kuma rigakafi. Ranar haihuwa, mako shida, mako goma, mako sha huɗu, wata tara na ƙyanda da shawara, wata sha biyar na ƙyanda karo na biyu. A Disambar 2024 aka fara allurar zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa, ana yin ta a wata biyar, shida, bakwai, da ta ƙarfafawa a wata sha biyar. Ki haɗa, zuwa tara ke nan aƙalla. Allurar kyauta ce, amma kabu-kabu ba kyauta ba ne, jirgin ruwan da zai tsallako da mace daga tsibiran Yauri shi ma fetur yake sha. Shi ya sa za ki ga kati an cike layin farko da na biyu, sauran fari fat. Wannan ba jahilci ba ne a kowane lokaci.

Tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma, Bunza:
Bari in raba muku aikin yadda yake a takarda, don kowa ya san ƙofar da zai buga. Sayo alluran rigakafi aikin tarayya ne, ta hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, da taimakon ƙungiyoyin waje irin su UNICEF. Ɗaukar ma'aikaci, biyansa albashi, gyaran rufin asibiti da firjin da ake ajiye allura, na jiha da ƙaramar hukuma ne. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, kuma manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu asibiti ɗaya mai aiki.

Abin da mutane ke mantawa, tun da aka cire tallafi kason wata-wata da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa ya ƙaru sosai a lissafin naira. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Muna da ƙananan hukumomi 21 a Kebbi. Idan uwa ta biya kabu-kabu ta iso ta tarar ma'aikaci ɗaya ne kuma ya tafi taro, ko firji ya mutu an ce ta dawo mako mai zuwa, wannan ba Abuja za a tambaya ba. A nan Malam yana da gaskiya.

Ɗan kasuwar hatsi, Jega:
Baba, na yarda da rabon, amma wa ya kamata ya tabbatar hukuncin kotun ya yi aiki? Ba gwamnatin tarayyar da ta shigar da ƙarar ba?

Dillalin dabbobi, Kamba:
Ku ƙara da iyaka. A Agustan 2019 Buhari ya rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, sai a Maris na 2024 aka ba da umarnin buɗewa daga ɓangarenmu. Mutumin ƙananan hukumomin Dandi da Arewa kasuwarsa ɗaya da mutumin Gaya da Dosso na Nijar. Wake, dabbobi da kanwa suna shigowa, hatsi da kayan masarufi suna fita. Ranar da aka sa shinge, mai lodi, mai kabu-kabu da mai tuwon tasha duk suka zauna, kuma kowannensu yana da yara a gida. Gwamna ba ya rufe iyaka, ba ya buɗe ta. Haka tsaro. Soja da 'yan sanda a ƙarƙashin shugaban ƙasa suke. Manomin Danko-Wasagu ko Sakaba da ya bar gonarsa ya koma gari da iyalinsa, wane awo shida zai auna?

Ma'aikaciyar lafiya, Birnin Kebbi:
Wannan kam ba ni da ja a kai, gudun hijira shi ya fi komai jefa yara cikin tamowa. Amma ga wani misali da babu kuɗin mota a ciki. Da damina ana bi gida-gida da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ga 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, duk bayan kwana 28. Ranar farko mai rabon ne ke ba yaro da hannunsa, ya bar wa uwa ƙwaya biyu, ɗaya gobe ɗaya jibi. Gidaje da yawa sai a ajiye su a kan taga a ce sai yaro ya yi zazzaɓi. Kariyar ta rushe ke nan, domin sai an cika kwana ukun take aiki. Idan ya yi amai cikin rabin awa a sake ba shi. Idan jikinsa da zafi a ranar, ba wannan ne maganinsa ba, a kai shi a gwada jini.

Zawo ma haka. Ledar gishiri da sukari ta asibiti a narka ta a adadin ruwan da aka rubuta a jikinta, yawanci lita ɗaya, abin da ya kwana ya wuni a zubar. A haɗa da ƙwayar zinc kwana goma zuwa sha huɗu, rabin ƙwaya ga wanda bai kai wata shida ba, ko da zawon ya tsaya a rana ta uku. Amma sai a ce haƙori ne, a jira har maɗiga ta faɗa.

Malamin firamare, Argungu:
Alhajin Kamba, batun iyaka da tsaro na karɓa, babu hannun uwa a ciki. Amma har yanzu ina nan a kan cewa mun fi ba Abuja lokacinmu fiye da kasonta. A kowace mazaɓa akwai kwamitin ci gaban mazaɓa da ya kamata ya sa ido a kan asibiti. Magidanta nawa ne suka san ranar zamansa? Ma'aunin damtse da ake ba iyaye mata don gane tamowa, ja ƙasa da santimita 11.5, ruwan ɗorawa zuwa 12.5, kore sama da haka, uba ma zai iya auna ɗansa da shi sau ɗaya a wata.

Ungozoma, Yauri:
Zai iya, Malam, kuma ya kamata. Idan ya ga ja, ko ya danna bayan ƙafafun yaron biyu ya ga yatsa ya bar rami, ranar za a tafi asibiti, ba gobe ba. Sai dai a yi fatan idan an je a tarar da madarar gyaɗar da ake maganin tamowa da ita. Idan an samu kuma, a gaya wa gida cewa magani ce ta yaro ɗaya, ba ta rabawa da yayye ba ce, ba ta kaiwa kasuwa ba ce.

Ɗan kasuwar hatsi, Jega:
Shawarar da na saba ba magidanci ita ce ya sayi waken suya da gyaɗar shekara da kaka, Nuwamba zuwa Disamba, ya shanya su bushe ƙarau, ya zuba a buhu mai leda biyu a ciki, ya matse iskar ya ɗaure kowace leda daban, ya ɗora a kan katako kada ya taɓa ƙasa. Ba ya buƙatar maganin ƙwari, wanda dama bai dace da abincin yaro ba. Gyaɗa ta fi daɗewa a cikin kwansonta. To amma ko wannan lissafin Abuja ta taɓa shi. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150, daga baya farashin hatsi ya sauko. Mai saye ya ji sauƙi, manomin da ya sayi taki da tsada ya sayar da arha, wanda ya tara kaya da kaka kuma ya yi asara. Don haka yanzu ina cewa a ajiye na ci kawai, kamar tiya goma ta waken suya da uku ko huɗu ta gyaɗa ga gida mai ƙananan yara biyu, kada a ci bashi don a cika ɗaki da buhuna.