Antibodin LC3B ya ba ni layi biyu, shin ya isa hujja?

Ɗalibar bincike:
Assalamu alaikum, malamai. Ina aiki a kan ƙwayoyin sankarar nono, ina son gano ko maganin da muke gwadawa yana ƙara otofaji, wato yadda ƙwayar halitta take narkar da kayan cikinta da suka lalace domin ta sake amfani da su. Na yi gwajin Westan bulot, wanda yake rarraba furotin bisa nauyi a cikin jel su fito layi-layi, da antibodin LC3B, wato sinadarin da yake kama furotin LC3B da ake bin sawun otofaji da shi, sai layi biyu suka fito, na ƙasan kuma ya ƙara kauri bayan an sa maganin. Shin wannan ya isa in ce otofaji ya ƙaru?

Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji:
Wa alaikumus salam, Malama. Bai isa ba. Layin sama shi ne LC3-I, wajen kilodalton 16 (ma'aunin nauyin furotin), na ƙasa kuma LC3-II, wajen 14, wanda aka liƙa masa kitse ya manne a jikin otofagozom, wato jakar da take tattara kayan da za a narkar, kitsen ne kuma yake sa shi saurin gangarawa cikin jel duk da cewa ya fi nauyi. Kaurinsa na iya nufin ana ƙera otofagozom da yawa, yana kuma iya nufin laisozom, sashen ƙwayar da yake aikin narkarwa, ya daina narkar da su sun taru, kamar shara da ta cika kwando don ba a zo kwashewa ba. Ki maimaita gwajin da bafilomaisin A1 ko kulorokwin, waɗanda suke toshe aikin laisozom. Idan maganin tare da su ya ba da LC3-II fiye da abin da su kaɗai suka bayar, to ƙirar ce ta ƙaru. Ki kwatanta LC3-II da aktin, furotin da yawansa ba ya cika canzawa, ba da LC3-I ba, domin antibodi da yawa sun fi kama LC3-II.

Mai nazarin furotin:
Ki haɗa da p62, furotin da otofaji yake narkarwa tare da kayan, wanda raguwarsa take nuna ana narkarwa. Amma kafin komai, ki tabbatar da antibodin da kanki, kada ki dogara da hoton takardar kamfani. Ki nemi ƙwayoyin da aka cire musu ƙwayar gadon ATG5 ko ATG7, waɗanda ake buƙata kafin a samar da LC3-II. A cikinsu LC3-II ya kamata ya ɓace, in bai ɓace ba, wani abu daban antibodin yake kamawa.

Ɗalibar bincike:
Na gode, malamai. To Beclin 1 fa, furotin da yake taimakawa wajen fara otofaji, ya zama dole in auna shi?

Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji:
Ba dole ba ne, domin yawansa ba ya auna gudanar otofaji. Amfaninsa gare ki shi ne alaƙarsa da cutar, tunda a 1999 ƙungiyar Beth Levine ta nuna yana hana ƙari girma, kuma sau da yawa ana rasa kwafi ɗaya na ƙwayar gadonsa a sankarar nono da ta ƙwan mace. Sai dai ƙarin da ya riga ya kafu yakan dogara da otofaji ya jure yunwa da magani, saboda haka ko kin tabbatar otofaji ya ƙaru, sai kin toshe shi kin ga ko ƙwayoyin sun fi mutuwa kafin ki ce shi ne yake kashe su.