Sautin bidiyon gida ya lalace bayan na ɗora shi a faifan DVD

Autan Hajiya ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana. Ina neman taimakonku a kan wani aiki da ya tsaya mini. Mahaifiyarmu tana zaune a ƙauye, ba ta mu'amala da babbar waya, amma tana da na'urar DVD da ƙaramin talabijin, shi ya sa na yi niyyar tara mata bidiyoyin gida a faifai ɗaya. Abubuwa uku na haɗa: bidiyon bikin ƙanwata da muka ɗauka da wayoyinmu, da wa'azin walimar bikin wanda mai kyamarar da muka ɗauko haya ya ba mu a fayil, sai wani tsohon kaset na MiniDV, wato ƙaramin kaset na kyamarar bidiyo, na ranar da marigayi mahaifinmu ya dawo daga aikin Hajji, wanda aka juyo mini cikin kwamfuta.

Kowane fayil yana fita lafiya a kwamfuta, amma da na buga faifan na saka a na'urar gida sai kowane ɓangare ya zo da tasa matsalar. A bidiyon biki, na ɗaurin aure da aka ɗauka da rana ba shi da aibi, amma na kamu da aka ɗauka da dare yana farawa daidai, sannan a hankali baki da murya su rabu, har ta kai marokiya ta gama guɗa a hoto kafin a ji ta. A na walima kuwa muryar malamin ta dushe ƙwarai, sai amsa-kuwwa kamar daga nesa. Na Hajji kuma hoto ne kawai, babu sauti ko kaɗan, kuma shi ne ya fi damuna, domin muryar Baba ce Hajiya take son ji. Shin laifin faifan ne, ko na manhajar da nake bugawa da ita?

Na Bakin Kasuwa ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, ni mai shagon tura finafinai ne, kuma abin da na fi gani shi ne faifai mara kyau da bugawa da sauri. Ka sayi DVD-R mai inganci, ka rage gudun bugawa zuwa 4x, ka kuma goge idon na'urar, domin ƙurar hunturu tana taruwa a kansa. Ka duba wayoyin bayan talabijin ma: mai ruwan ɗorawa ta hoto ce, fara da ja su ne na sauti, kuma sau da yawa mutane suna cusa su a ramin da ba nasu ba.

Editan Biki ya rubuta:

Shawarar ɗan'uwa Na Bakin Kasuwa tana da kyau a wurinta, sai dai ban ga alamar ita ce maganin wannan ba. Faifan da ya lalace ko ido mai ƙura suna sa hoto ya cije, ya farfashe, ko na'ura ta ƙi karanta faifan gaba ɗaya. Ba su zaɓar bidiyon dare su bar na rana. Wayar sauti kuma da a ramin da ba nata ba take, da ko ɗaurin auren ba za a ji ba. Matsalolin nan sun shiga tun kafin a kai ga bugawa, a lokacin da manhaja ta juya fayilolin zuwa tsarin DVD, don haka ko faifai nawa ka buga abu ɗaya za ka samu.

Bari in fara da na Hajji tunda shi ne ya fi muhimmanci a gare ka, Malam Auta. Ƙa'idar DVD ba ta karɓar kowane irin sauti. Nau'o'in da ta sani su ne Dolby Digital, wanda ake kira AC-3, da PCM, wato sautin da ba a matse shi ba, da MP2, da DTS, kuma ma'aunin da ake bi shi ne 48 kHz, wato gutsuren sauti 48,000 a kowace daƙiƙa. Kyamarorin MiniDV kuwa suna da saiti biyu: ɗaya 16-bit mai 48 kHz, ɗaya 12-bit mai 32 kHz, kuma da yawansu a kan na biyun suke zuwa daga kamfani, masu su ba su taɓa canzawa ba. Idan manhaja ta shigar da sautin 32 kHz cikin faifai ba tare da ta mayar da shi 48 ba, kwamfuta za ta yi haƙuri ta karanta, amma na'urar gida ba ta da wannan haƙurin. Wata ta yi shiru kamar taka, wata kuma ta karanta shi da gudun 48, sai ka ji dattijo yana magana da sauri da siririyar murya.

Ba sai ka yi ta kintace ba. Ka sauke manhajar MediaInfo mai nuna bayanan fayil, kyauta ce, ka buɗe asalin fayil ɗin da ita, sannan ka shiga foldar VIDEO_TS da ke cikin faifan ka buɗe fayil ɗin VOB, wato fayil ɗin bidiyon DVD, na wannan ɓangaren, ka duba layin da aka rubuta Sampling rate a kowannensu. In ka ga 32.0 kHz a cikin VOB, to ka kama ɓarawon. Haka nan in ka ga 44.1 kHz, domin wannan ma'aunin faifan CD ne da VCD, ba na DVD ba.

Na kamu kuma labarinsa daban ne. DVD yana tafiya da ƙayyadadden adadin hotuna: 25 a daƙiƙa a tsarin PAL wanda Najeriya take kai, ko 29.97 a tsarin NTSC na Amurka. Wayoyin hannu ba su cika tsayawa a kan adadi ɗaya ba. An saita su a kan 30, amma idan haske ya yi ƙaranci sai wayar ta rage yawan hotunan domin kowane hoto ya sha haske sosai, in an matso kusa da fitila ta sake ƙarawa. Wayar tana rubuta lokacin kowane hoto a cikin fayil, kwamfuta kuma tana bin wannan lokacin, shi ya sa ba ka ga komai a can ba. Manhajar da ta yi watsi da lokutan ta jera hotunan bisa adadi ɗaya sai ta gajarta bidiyon, alhali sauti yana nan da tsawonsa na asali, don haka hoto ya riƙa tserewa murya kaɗan-kaɗan. Wannan ne dalilin da na rana ya tsira. Kada ka raina ƙanƙantar bambanci a wannan sha'ani: tsakanin 30 da 29.97 kaɗai, in aka yi kuskuren ɗaukar ɗaya a matsayin ɗaya, ana samun tazarar daƙiƙa 3.6 a cikin awa guda, alhali ko rubu'in daƙiƙa ido yana kamawa a bakin mai magana. A MediaInfo za ka ga an rubuta Variable a gaban Frame rate mode.

Akwai gwajin da yake bambance wannan da wata matsala mai kama da ita. Idan tazarar iri ɗaya ce daga farko har ƙarshe, gyaranta kawai a matsar da sautin gaba ko baya, kuma a manhajar kallon bidiyo ta VLC maɓallan J da K suna yin haka da milisakan 50 a kowane dannawa, har ka gano adadin da za ka saka a manhajar gyara. Idan kuwa tana ƙaruwa ne kamar taka, matsarwa ba za ta yi amfani ba, domin in ka daidaita farko ƙarshe zai kauce.

Abin da nake yi a aikina shi ne in bi da kowane bidiyon waya ta manhajar juya bidiyo ta HandBrake tukuna, in zaɓi 25 tare da Constant Framerate, in bar inganci a sama, sannan in kai sakamakon cikin manhajar DVDStyler in haɗa faifan a tsarin PAL da sautin AC-3. Wanda ya iya FFmpeg kuma, manhajar da ake ba umarni a rubuce, layi ɗaya ya ishe shi, kuma yana gyara matsalar kaset ɗin ma a tare, domin yana mayar da hoto 720x576, hotuna 25, sauti AC-3 a 48 kHz:

ffmpeg -i hajji.avi -target pal-dvd -aspect 4:3 hajji.mpg

Na walima ban da tabbacin da zan ba ka amsa a kai, akwai waɗanda suka fi ni sanin sauti a nan.

Injiniyar Sauti ta rubuta:

Allah ya jiƙan mahaifinku, ɗan'uwa. Bayanin da ka yi na walima ya yi kama da abin da muke gamuwa da shi idan mai kyamara ya jawo sauti kai tsaye daga mikisar masu lasifika. Mikisa tana fitar da sauti ta waya mai ƙafa uku, wadda take ɗauke da murya ɗaya sau biyu, ɗaya a miƙe ɗaya a juye, kuma an yi haka ne da gangan domin kashe ƙugin da doguwar waya take kwasowa. Idan aka haɗa ta da ƙaramin ramin kyamara ta hanyar mahaɗin da bai dace ba, sai miƙaƙƙiyar ta tafi ɓangaren hagu, juyayyiyar ta tafi dama. Da abin saurare na kunne za ka ji malamin sarai, domin kowane kunne yana jin nasa, ko da yake muryar za ta yi kamar ba ta da mazauni. Amma talabijin mai lasifika ɗaya yana haɗa hagu da dama ne, kuma idan aka haɗa abu da kishiyarsa sai su cinye juna, a bar ka da ɗan ragowar da bai zo daidai ba.

Gwada wannan kafin ka taɓa kwamfuta: ana cikin wa'azin, ka zare jar wayar daga bayan talabijin ka bar farar ita kaɗai. Idan muryar malamin ta dawo da ƙarfinta nan take, magana ta ƙare. Wasu na'urorin suna da maɓallin L/R a rimot wanda yake yin aiki iri ɗaya. Gyaran dindindin kuma shi ne ka cire sautin ka buɗe shi a manhajar gyaran sauti ta Audacity, ka raba hagu da dama, ka share ɗaya, ka adana ragowar a 48 kHz, sannan ka mayar da shi kan hoton.

Idan zare wayar bai canza komai ba, ka shiga saitin sauti na na'urar ka duba ko tana kan 5.1, wato tsarin lasifika shida, alhali lasifika biyu ko ɗaya ake da su. A wannan tsarin magana tana bin lasifikar tsakiya ne, kuma in babu ita sai muryar ta ɓace, don haka a mayar da saitin kan Stereo.

Ina goyon bayan Malam Edita a kan AC-3, kuma ga ƙarin dalili. PCM yana cin kilobit 1,536 a daƙiƙa, wato kusan megabait 690 a awa guda, alhali AC-3 a kan kilobit 192 bai kai megabait 90 ba, kuma ga wa'azi da hirar gida kunne ba zai bambance su ba. A faifai mai 4.7 GB wannan ba ƙaramin wuri ba ne. Bayan haka, iyakar abin da DVD yake ɗauka na hoto da sauti a haɗe megabit 10.08 ne a daƙiƙa, kuma wanda ya ƙure ingancin hoto sannan ya ɗora masa PCM yana iya haure wannan iyakar, sai sauti ya riƙa yankewa a na'urar gida.

Autan Hajiya ya rubuta:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kaset ɗin Hajji 32.0 kHz ya nuna a asali da cikin VOB, kuma bayan na bi da shi ta layin da Malam Edita ya bayar, muryar Baba ta fito. Na walima ma, Hajiya Injiniya, ina zare jar wayar malamin ya dawo tamkar yana cikin ɗakin. Na kamu ya daidaita, sai dai na lura idan kyamara ta juya da sauri hoton yana ɗan tsalle. Sannan yayanmu da ke Amurka ya ce a aika masa da kwafi. Wannan faifan zai yi masa?

Editan Biki ya rubuta:

Tsallen da ka gani sakamakon sauke 30 zuwa 25 ne, domin ana zubar da hoto ɗaya cikin kowane shida, kuma bai shafi sauti ba. Hanyar kauce masa ita ce ka haɗa bidiyon wayar a tsarin NTSC, tunda 29.97 ya fi kusa da asalinsa, kuma yawancin na'urorin da ake sayarwa a nan suna karanta tsarin biyu. Sai dai kaset ɗin Hajji, in a kan 25 aka ɗauke shi, shi ne zai sha wahalar juyawa, kuma ba a gauraya tsarin biyu a faifai ɗaya. Da ni ne, na Hajiya zan bar shi a PAL yadda yake.

Na yayanku kuwa, na'urori da talabijin da yawa a Amurka ba su karɓar PAL, don haka ko ka haɗa masa nasa daban ta hanyar sauya pal-dvd zuwa ntsc-dvd a wancan layin, ko kuma ka tura masa gyararrun fayilolin ta intanet, wanda ya fi sauƙi kuma ya fi kyawun hoto. Kafin ka buga na ƙarshe, ka gwada da DVD-RW wanda ake sharewa, kuma a na'urar Hajiya za ka gwada shi, ba a taka ba. Idan ya fita, sai ka bi shawarar Na Bakin Kasuwa ta rage gudu, ka kunna Verify a manhajar bugawa ta ImgBurn domin ta kwatanta abin da ta buga da asalinsa, ka kuma ajiye fayil ɗin ISO, wato cikakken kwafin faifan a fayil ɗaya, a wani wuri daban saboda ranar da faifan zai karce.