Bash, zsh ko fish: wanne zan riƙe?

Auwalu, Pantami:
Assalamu alaikum yayyena. Wata huɗu ke nan da na sa Ubuntu, wani nau'in Linux, a laftof ɗina, kuma ina aiki a wani shagon buga takardu nan Gombe. Na rubuta ɗan sikirif, wato fayil mai jerin umarni, da zai riƙa kwashe fayilolin kwastomomi zuwa filash kowace yamma kafin mu rufe. Jiya na buga `sh ajiya.sh` sai ya ce min `[[: not found`, ko fayil ɗaya bai kwasa ba, ga maigida ya dogara da ni. Wani abokina ya ce bash, shel ɗin da ke karɓar umarnin da nake bugawa, ta tsufa, in koma wata shel, fish ko zsh. Don Allah ku ba ni shawara.

Malam Sabo, Yelwa:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, bash ba ta yi maka laifi ba, ko kusa da aikin ba ta je ba. Tun 2006 Ubuntu ta mayar da `sh` ya zama dash, wata ƙaramar shel mai sauri wadda ba ta san `[[ ]]` ba. Ka sa `#!/bin/bash` a layin farko don bash ta karɓi aikin, ka yi `chmod +x ajiya.sh` don ba shi izinin tafiya, sannan ka kira shi da `./ajiya.sh`. Amma ka lura, in ka sake buga `sh` a gabansa, wancan layin farkon ba zai yi aiki ba, dash ce za ta sake karɓa.

Hajara, Jekadafari:
Gaskiyar Malam ce. Ni dai fish nake amfani da ita kullum, kuma ina jin daɗinta ƙwarai. Kana fara rubutu za ta nuna maka ragowar umarnin da ka taɓa bugawa cikin launin toka, in ka yi kuskure kalmar ta yi ja tun kafin ka danna Enter. Ba sai ka gyara komai ba. Sai dai yarenta daban ne: inda bash ke cewa `suna=Auwalu`, ita `set suna Auwalu` take so. Abin da ka kwafo daga intanet wani lokaci zai ƙi tafiya.

Nura, Wunti:
Zsh ta fi kusa da bash, Apple ma ita ta ɗora a Mac tun 2019. Amma a ƙirgar abubuwan da ke cikin jeri (array), ita daga 1 take farawa, bash daga 0. In laftof ɗinka tsohuwa ce, kada ka cika mata kayan ƙawata zsh na Oh My Zsh, baƙin allon da kake buga umarni zai riƙa jinkirin buɗewa.

Malam Sabo:
Wadda za ka riƙa bugawa da hannu, zaɓi duk wadda ta kwanta maka. Sikirif kuwa ka bar shi a bash. Tun 1989 Brian Fox ya fitar da ita, kuma kusan duk sabar Linux da za ka shiga za ka tarar da ita. Abin da ya fi damuna shi ne sunayen fayilolin kwastomominka. Wani zai kawo "Takardar fili ta Baba.docx", ga sarari har uku a ciki. In ba ka rubuta `"$fayil"` da alamar zance ba, bash za ta tsinka sunan gida huɗu, ta ce babu su. Ka sa ShellCheck, mai gano kurakuran sikirif, ya duba maka kafin ka sake gwadawa.

Auwalu:
Allah ya saka da alheri Malam, ya kwashe duka. ShellCheck ya nuna min wurare biyu da na manta alamar zancen. Anti Hajara, zan gwada fish ɗin a gida. Saura tambaya ɗaya: yaya zan sa ya riƙa tashi da kansa ƙarfe 5:30 na yamma?