Don Allah mi "settle for" ka nufi? Wani kwastoma ya bar ni da jiran alat

Ɗan Aliero

Assalamu alaikum jama'a. Masu turanci ku zo ku raba mu gardama ni da ƙanena. Ni sana'ata albasa, daga nan Aliero nake lodi in tura kudu, to akwai wani kwastomana na Legas da munka daɗe muna hulɗa, satin da ya wuce yac ce yana son buhu 60, na ce mai gaskiya 40 ke gare ni a ƙasa saura sai an jira, sai ya turo min a WhatsApp wai "Ok, I will settle for 40". Ni da na ga settle sai raina ya ba ni biya za shi yi, don mu abin da munka sani in an ce settle me ai sallama aka nufi, na zauna ina duba waya har dare babu alat. Ƙanena da ke poli a Birnin Kebbi yac ce maganar ba ta shafi kuɗi ba sam, wai cewa ya yi ya haƙura da 40 ɗin. To wa ke da gaskiya? Ban son in kira mutumen in ce ina kuɗina in ji kunya.

Malama daga Gusau

Wa alaikumus salam Alhaji. Ƙanen naka ya fi ka gaskiya, kar ka kira shi da maganar kuɗi tukuna. Wannan ɗan "for" ɗin da ke manne da settle shi ya juya ma'anar gaba ɗaya. In Bature ya ce "settle for" abu, yana nufin ya so wanda ya fi shi yawa ko kyau bai samu ba, sai ya karɓi wanda ke akwai. Irin abin nan da muke cewa da babu gara ba daɗi. Mutuminka 60 ya so, 40 ya samu, ya ce to shi ke nan a ba shi hakan. Ciniki ya faɗa amma bai yi maka alkawarin ranar biya ba.

Da biya yake nufi da cewa zai yi "I will pay for 40", ko "I will settle the bill", ka lura a ta biyun babu for, settle ɗin ya hau kan bill kai tsaye. Akwai kuma "settle up", wato a yi lissafi kowa ya biya abin da ake bin sa.

Ni ina koyar da turanci a sakandare kuma duk shekara sai na yi fama da yara a kan wannan, don WAEC da NECO suna son irin tambayar nan da za a bar gurbi a ce ka zaɓi for ko on ko with ko down. Inda suka fi faɗuwa tsakanin for da on ne. "Settle on" tsayar da shawara ne kawai bayan an yi tunani, babu wani ɗaci a ciki, kamar a ce dangi sun zauna "they settled on Saturday" don ɗaurin aure. Amma "they settled for Saturday" ka san Juma'a suka so wani abu ya hana. Wata ɗalibata ta taɓa kawo min wasiƙa in duba mata, likitanci ta nema makinta na JAMB bai kai ba aka ba ta wani kwas, ita da niyyar nuna godiya sai ta rubuta wa shugaban sashen "I have settled for your department". Na ce mata 'yata ai kin gaya wa mutumin nan a rashin uwa kika yi uwar ɗaki da su, goge ki sa "I have chosen".

Na Ƙaura

Hhhh Alhaji ba laifinka ba ne wallahi, turancin Najeriya ne ya ɓata mu. A nan settle ya zama na goro, ka je tasha kamasho ya ce oga settle us, ɗan Ibo ya gama yi wa ubangidansa shekarun shago a ce an yi settling ɗinsa wato an ba shi jari an yaye shi. To kunne ya saba, da ka ji settle sai hannu ya tafi aljihu.

In kana son ka riƙe ta kar ka manta, saurari masu sharhin ƙwallo. Kofin Afirka da anka ƙare a Abijan a Fabrairun 2024, Super Eagles su sunka fara ci Kwaddibuwa ta rama ta ƙara, aka tashi 2-1, to irin wannan ne za ka ji an ce "Nigeria had to settle for silver". Haka 2019 a Masar, na uku munka zo bayan an ci Tunisiya 1-0. Ba wanda zai ce wanda ya ɗauki kofi ya yi settle for gold, sai dai in ba'a yake.

Bakabe

Malama Allah shi ƙara basira, amma ni ina da ja kaɗan. Ni a ganina settle for ɗin nan ba sulhu ba ne irin na a haɗu a tsakiya, mutum ɗaya ne ke haƙuri. Misali a kasuwar Jega ka ce ragonka dubu 200, ni na taya 160, dillali ya shiga ya ce kai sauko kai kuma hau aka tsaya 180, to wanga ai kowa ya bar wani abu, shi ne suke ce ma "meet halfway". A maganar Alhaji kuwa shi bai rage komai ba, kwastoman ne kaɗai ya sauko. Ko na yi kuskure?

Malama daga Gusau

Ba ka yi kuskure ba Malam, sai dai ba sa karo da juna. A cinikin ragon naka, in ana ba da labarinku ku biyu sai a ce "they met halfway", amma mai ragon in ya koma gida yana gaya wa matarsa cewa zai yi "I settled for 180", don shi zuciyarsa na kan 200. Settle for daga bakin wanda abin ya ɗan yi wa ciwo take fitowa.

Wani abu kuma tunda an zo nan, abin da ke bin for suna ne ko aikatau mai ing a ƙarshe. "I settled for waiting" daidai ne, "I settled for to wait" ba turanci ba ne. Kuma an fi jin ta da "had to" a gaba, ko a kore ta in mutum zai kafe, kamar "I won't settle for less than 50". Alhaji wannan ta ƙarshen ka haddace ta, za ta yi maka amfani ranar da wani zai yi maka tayin wulaƙanci.

Ɗan Aliero

To Alhamdulillahi, na gode Malama na gode 'yan uwa, Allah ya bar zumunci. Ashe da na kira shi da na sha kunya. Yaron ga tun ɗazu yake min dariya wai in biya shi kuɗin fassara. Yanzu dai mota za ta tashi jibi, ni kuma ban son kaya su bar Aliero ban ga ko rabi ba, mi zan rubuta mai wanda ba zai ga kamar na raina shi ba?

Malama daga Gusau

Rubuta mai "Your 40 bags are ready. Please send half before we load". Kar ka sa settle a ciki ko kaɗan, kar shi ma ya zauna yana jiran wani abu daban.