Abin da muka tattaro kan ’yan dako da ma’aikatan tashar jirgin ruwa ta Apapa

Jiya mun daɗe muna hira da ’yan uwa masu aiki a tashoshin jirgin ruwa na Apapa da Tin Can da ke Legas, yanzu da ƙarshen shekara ya matso kwantenoni sun yi yawa, oga na ta a yi sauri a yi sauri, to nan ne fa ake jin rauni. Kusan kowa ya ce kar ka kuskura ka tsaya ƙarƙashin kwantena tana lilo a kireni, ko da kuwa minti ɗaya ne, kuma hular kwano da takalmin aiki ba ado ba ne. Gajiya ma, wani ya kwana aiki ya zarce da safe, wallahi wannan ya fi ba ni tsoro.

In tsautsayi ya faɗa, maganar diyya aka fi jan hankali a kai. Dokar biyan diyyar ma’aikata ta 2010 ta ce ka sanar da mai aikin cikin kwana 14, neman diyya a NSITF, wato hukumar gwamnatin Najeriya mai biyan diyyar ma’aikata, kuma cikin shekara ɗaya. Ɗauki hoto, riƙe takardun asibiti, sami shaidu, ka sanar da ƙungiyarku, kar ka karɓi ɗan kuɗin magani ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba.