An Kwashe Kasuwar Gusau An Kai Daji

Mai Shadda: Salamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke cina, ko da za a ce na cika ƙorafi. Shekara 22 ke nan ina zaune a shagon nan na bakin Tsohuwar Kasuwa, tun mahaifina na da rai. Jiya na kai har bayan isha'i, mutum biyu suka leƙo, ɗaya ma canjin dubu ya zo nema. Mai tsiren da ke gefena, wanda hayaƙinsa ya baƙanta min rumfa shekara da shekaru, ya tattara ya koma Baifas tun bayan Babbar Sallah. Tukubarsa na nan, awaki ke kwana a kai. Mai shayi ya bi shi, ko bencin bai bari ba. Da can ƙarfe sha ɗaya na dare sai ka yi da kafaɗa kafin ka wuce layin nan. Yanzu tara na yi sai haushin karnuka. Masu kuɗin garin nan, waɗanda aka binne cibiyarsu a Kanwuri, sun kwashe dukiyarsu sun kai daji, suna ta jera filaza. Laifin me cikin gari ya yi? A sa mana fitilun titi, a yashe kwatoci, a samar da wurin ajiye mota, ku gani in kasuwa ba ta dawo ba.

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam. Alhaji, ina karantawa har na fara tausaya maka, sai na ci karo da "daji". Ina ne dajin? Samaru? Damba? A Zamfarar nan ka san abin da kalmar nan ke nufi. In aka ce mutanen daji ba manoma ake nufi ba.

Auta: Tirƙashi! Ashe mu 'yan daji ne ba mu sani ba.

Mai Shadda: Ƙanena kar ka sa min magana a baki. Daji na ce, ban ce mutanen daji ba. Wurin da ka gina gidanka, ni da idona na ga ana noma dawa a wurin.

Ɗan Samaru: To Kanwuri daga sama ta faɗo da gine-ginenta?

Hajiya Mai Abinci: Ni dai a janye kalmar. 'Ya'yana a can aka haife su, a can suke makaranta. Ba zan zauna a kira su 'yan daji ina kallo ba. Kuma mutane nawa ne a gefen garin nan waɗanda ɓarayi suka koro daga ƙauyukansu, suka zo suka raɓe a kangon mutane? Wanda ya gudo daga daji da ɗan zanensa, ka sake ce masa yana daji, ai ka fama masa miki.

Mai Shadda: Subhanallahi. Hajiya ina maganar kasuwa, ina maganar 'yan gudun hijira?

Injiniya: Don Allah mu koma kan batun, don akwai abin dubawa a ciki. Ba ƙiyayya ta sa mai kuɗi ke fita ba. Na taɓa raka wani ya sayi gida cikin gari don ya rushe ya yi shaguna. Gidan gado ne, magada sun fi ashirin, wasu na Kano, wata na aure a Kaura, ɗaya ya rantse ba za a sayar da ɗakin da uwarsa ta rasu a ciki ba. Shekara biyu ana zarya, ya haƙura ya sayi fili a bakin titi wajen gari, mutum ɗaya ya sa hannu aka gama. Sannan lungunan ciki an yi su ne don mai ƙafa da jaki. Babbar mota ba ta shiga ta sauke kaya, sai an ɗauki 'yan baro, kuɗin ya hau kan kaya. Mai saye kuma in ya zo da mota ba inda zai tsaya. Fitila kaɗai ba za ta warware wannan ba.

Auta: Injiniya ka yi tsawo. Mu dai a faɗa mana, mu 'yan daji ne ko ba 'yan daji ba ne?

Kawu: Wanga batu naku dariya shika ba ni. Ku yara mi kuka sani? Kantin Daji da kuke zuwa banki yau, mi ya sa aka ce mai Kantin Daji? Sa'adda Turawa suka kawo jirgin ƙasa, layin da ya tashi Zariya ya kai Kaura Namoda a 1929, kamfunnan sayen gyaɗa da auduga ba cikin gari suka zauna ba. Wajen gari suka kafa kantunansu kusa da tasha, mutanen gari suka ce kantin daji. Yau wa zai ce wurin daji na? Sabon Gari ma hakanan ta faro. Ina yaro, in jiniyar masaƙa ta yi, ka ga ma'aikata bisa kekuna kamar fara, masu abinci da masu shayi na jiransu har tsakad dare. Masaƙa ta mutu, jirgi ya daina zuwa, wannan hirar dare ta bi su. Kasuwa inda albashi yake kwana take kwana. Da aka ba mu jiha a 1996 ma'aikata suka taso daga Sakkwato, ina za su zauna? Cikin gidan gadonku? Dole suka yi waje.

Ɗan Samaru: Allah ya ƙara girma Kawu. Ka gama magana. Ashe dajin jiya shi ne garin yau.

Mai Shadda: Kawu ai ni ka goya wa baya. Ka ga ko iyayenmu daji suka kira wurin, ba wanda ya yi fushi.

Ɗan Samaru: Lokacin kalmar ba ta da jini a jikinta.

Ɗan Kanwuri: Ku daina kewaye-kewaye. Duk mai jin haushin kalmar nan baƙo ne. Ɗan Gusau na asali ya san daga ina gari ya fara, ya san inda ya ƙare. Kun zo aiki, Allah ya buɗa muku, kun sayi gonakin kakanninmu da araha, yau kuma ku za ku koya mana sunan wurin.

Malamin Makaranta: Ɗan Kanwuri a yi hattara da maganar baƙo. Mene ne sarautar garin nan? Sarkin Katsinan Gusau. Malam Sambo Ɗan Ashafa da jama'arsa daga wajen 'Yandoto suka taso zamanin jihadi suka kafa garin. In ana bin asali, kowa da ranar da ya sauke kayansa.

Ɗan Kanwuri: Malam kar ka taɓa masarauta. Ka tsaya kan alli da allo.

Malamin Makaranta: Ban taɓa kowa ba, tarihi na faɗa.

Auta: Shi mai cewa ɗan asali, dubi rubutunsa, Kananci zalla. Kawu kaɗai ya yi Hausar gida a nan. Ka ce "mi kaka hwaɗi" mu ji in ka isa.

Ɗan Kanwuri: Yaro, na girmi babban yayanka. Ka kiyaye ni.

Hajiya Mai Abinci: Tunda an ƙi janyewa bari in faɗi tawa. Shekara shida na yi ina sayar da abinci cikin gari. Damina na yi, ruwan kwata har ƙarƙashin teburi, ina zuba miya ina ɗage zane. In magariba ta yi, maigidan da nake haya ya ce a kashe janareta yana damun iyalinsa. Na koma bakin titi, na sa sola, firji na aiki, mutum ya tsaya da motarsa ya sayi sakwara ya tura kuɗi ta waya ya wuce. Haya ta fi tsada, ban musa ba, amma abin da nake sayarwa daga isha'i zuwa sha ɗaya ya fi na yini guda a can. Alhaji kai ma ka sani, matarka wurina take aiko yara.

Mai Shadda: Hajiya a bar iyali a gefe.

Ustaz: Ni abin da ya dame ni daban ne. Kowa na ta kukan dare ya mutu, dare ya koma can. Wane dare? Jihar nan ita ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999, aka rufe gidajen giya da na silima, muka yi hamdala. Yanzu an canza wa abin suna, an ce wurin shaƙatawa. Samari da 'yan mata a cakuɗe har sha biyu, wai shawarma ake ci. In cikin gari ya yi shiru bayan isha'i, wannan ba mutuwa ba ce, tarbiyya ce.

Auta: Allah gafarta Malam, ƙwallo muke kallo. Wasan Turai sai takwas ko tara na dare ake farawa, laifinmu ne? Kuma tsire da shayi a wane babi aka haramta su?

Ustaz: Ban haramta tsire ba. Na ce a duba wa ke zaune gefen mai tsiren.

Mai Shadda: Ustaz ni ba tarbiyya ce ta rufe min kasuwa ba. Shekarun farko na shari'a ai layinmu cike yake har sha ɗaya.

Na Gwamna: Masu cewa an yi watsi da cikin gari su ji tsoron Allah. Titunan da gwamnatin Dauda Lawal ta yi cikin Gusau makaho ma ya taka ya ji. Wa ya kashe kasuwar dare? Ku tuna Satumbar 2021, aka rufe layukan waya, aka hana cin kasuwannin mako, aka taƙaita yawon babura da dare. Mutumin ƙauye da ke shigowa ya sayi shaddar Alhaji ta ina zai zo? Tun lokacin mutane suka koyi shiga gida da wuri.

Ɗan Kanwuri: An zo wurin. Dama jira nake. Wancan matakin don tsaro aka ɗauka, kuma da ku aka yi tafi. Ka faɗi abin da cire tallafin mai a 2023 ya yi wa kuɗin Keke Napep mana. Ko shi ba ka gani ba?

Na Gwamna: Wannan ai na tarayya ne, kuma jam'iyyarku ce.

Shugaban Zaure: Ba siyasa a nan. Na faɗa ba sau ɗaya ba.

Ɗan Kanwuri: Kuma masu fariya da wajen gari, in an ji harbi wa ke fara kwasowa ya yo ciki? Ɗaliban jami'ar tarayya da aka sace a Satumbar 2023, a Sabon Gida aka ɗauke su ko a Kanwuri? Alhaji bai yi ƙarya ba.

Hajiya Mai Abinci: Inna lillahi. Da masifar 'ya'yan mutane za ka ci gardama? Wallahi ka ba ni kunya.

Ɗan Samaru: Kun gani ko? Abin da na ce tun farko ke nan. Da aka ce daji, wannan ake nufi. Ga shi ya fito fili.

Mai Shadda: Ni ban ce ba! Shi ya ce! Ku bi rubutuna ku karanta.

Ɗan Samaru: Alhaji ai kai ka buɗe ƙofar.

Mai Shadda: Tunda abin ya zama haka, kai da ke ta zaƙewa, yadi goma na gezna da ka ɗauka da azumi ka ce sai albashi, albashin bai zo ba har yau? Ko shi ma ya tafi Baifas?

Auta: Wayyo cikina!

Ɗan Samaru: Wannan tozarci ne. Maganar da ke tsakanina da kai ka kawo cikin mutane? Gobe da safe zan turo maka, kuma daga yau na bar shagonka.

Mai Shadda: Dama ka bari tun da daɗewa, da kayana a jikinka.

Kawu: Kai, ku ji kunya. Ku duka ɗiyana na. Alhaji ka yi kuskure nan, bashi ba a tona shi cikin taro.

Injiniya: Ko akwai wanda ya karanta abin da na rubuta kan gidajen gado? Da magada za su yarda a gina musu bene, ƙasa shaguna sama ɗakuna, a raba haya, da an samu mafita ba tare da an sayar ba.

Auta: Injiniya gobe.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, zan rufe wannan babi. Ga abin da na fahimta. Kusan kowa ya yarda kalmar daji ba ta dace ba, kuma ya kamata Alhaji ya janye ta, duk da mun san zafin rashin ciniki ne ya sa shi. Kawu ya tabbatar mana da tarihi cewa gari gaba yake yi, ba ya komawa baya. Hajiya ta kawo hujja daga aljihunta, wadda ba wanda ya iya musawa. Injiniya ma ya nuna cikin gari ba ya gyaruwa. Maganar tsaro da Ɗan Kanwuri ya kawo ba ta da wuri a nan, mu da ke zaune a can lafiya lau muke barci. Batun fitila da kwata kuwa, masu unguwa su kai kukansu inda ya dace. Batun bashi a sasanta ta waya. Sannan ina sanar da 'yan uwa, ginin da nake yi a bakin Baifas an kusa gamawa, saura shago uku a ƙasa, biyu a sama, akwai sola da wurin ajiye mota. Mai so ya same ni ta gefe.

Injiniya: Shugaba ban ce ba ya gyaruwa ba.

Kawu: Ni ma ban ce hakanan ba.

Mai Shadda: Ban janye komai ba. Na ƙasan, mai kallon titi, nawa ne a shekara?